Gani Bai Kori Ji Ba

A jihar Arizona ta ƙasar Amurka akwai wani makeken kwazazzabo da ake kira Grand Canyon, wanda Kogin Kolorado ya sassaƙa cikin duwatsu. Tsawonsa kilomita 446 ne, faɗinsa a wani wuri ya kai kilomita 29, zurfinsa kuwa ya ɗara kilomita ɗaya da rabi. Iyalin da suka taso a mota daga garin Williams sukan yi tafiyar awa guda da 'yan mintoci a kan shimfiɗaɗɗen tudu, ba alamar komai, sai kwatsam ƙasa ta ƙare a gabansu. A nan yaro mai surutu yakan yi tsit, babba ma ya rasa ta cewa. Mutane fiye da miliyan 4 ne ke zuwa wannan kallo a shekara.

Amma akwai tambayar da ba a cika yi a bakin ramin ba. Shin mutum yana da laifi idan ya ji daɗin abin da aka raba wani da shi tun kafin a haife shi?

Ga dalilin tambayar. Wurin da baƙo yake gani kamar ba a taɓa zama cikinsa ba, gidan mutane ne. Kabilar Havasupai ta yi ɗaruruwan shekaru tana noman masara, wake da kabewa a ƙasan kwazazzabon da rani, sa'an nan ta hau tudu farauta lokacin sanyi. A 1882 gwamnati ta tsare su cikin eka 518 kacal. A 1919 aka mai da wurin gandun ƙasa, a 1928 kuma aka fitar da na ƙarshensu daga wata fadama mai ruwa a kan hanyar Bright Angel, inda masu sauka da ƙafa ke hutawa yau.

Wani zai ce baƙo ba ruwansa, gama ba a hukunta ɗa saboda laifin kakansa. Wannan gaskiya ne. Zai ƙara da cewa gandun ya kare wurin daga masu haƙar ma'adinai da masu son mallake shi. Kafin hanyar Bright Angel ta koma hannun hukumar gandun, akwai lokacin da sai an biya wani mutum, Ralph Cameron, dala guda kafin a bi ta. Wannan ma gaskiya ne. Wani kuma zai ce mai lamiri bai kamata ya taka wurin ba sam. Sai dai ƙin zuwa ba ya mayar wa kowa gonarsa, su Havasupai ɗin ma suna samun abin rufin asiri daga baƙin da suke ba izinin ziyartar ƙauyensu na Supai.

Dukansu biyu sun haɗa laifi da hakki, alhali kuwa ba ɗaya ba ne. Laifi na wanda ya aikata ne, hakki kuwa yana bin wanda ya amfana. Magajin gona bai matsar da iyaka ba, amma ranar da ya ji cewa kakansa ya ci kunyar maƙwabci, ba zai iya ci gaba da girbi kamar bai ji ba. Haka baƙon kwazazzabo: hannunsa ba datti, duk da haka akwai bashi a kansa, mafi ƙanƙantarsa kuwa shi ne ya san labarin, ya kuma faɗe shi daidai.

Tarihin wurin ya nuna cewa irin wannan bashi yana biyuwa, ko da kaɗan kaɗan. A 1975 Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a dokar da ta mayar wa Havasupai eka kusan 185,000. A 2022 aka sake wa fadamar nan suna zuwa Havasupai Gardens, bisa roƙon kabilar. Waɗanda suka yi wannan gyara ba su ne suka yi korar ba. Sun dai ƙi fakewa da cewa ba a zamaninsu aka yi ba.

Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a bakin wannan rami karin maganar bai isa ba. Ido yana ganin ikon Mahalicci a jajayen duwatsu, amma ba ya ganin gonar da aka bari dole. Sai kunne ya taimaka masa. Uban da ya nuna wa 'ya'yansa zurfin ramin ya ba su abin mamaki. Wanda ya ƙara gaya musu su wane ne suka yi noma a can ƙasa, da yadda suka bar wurin, ya koya musu ɗabi'ar da za ta bi su duk inda suka sauka baƙunci: a tambayi mai gida kafin a yabi gida.