Haƙƙin Wanda Ke Kusa da Kai a Sahu

Duk lokacin da aka ce sabuwar cutar numfashi ta ɓulla, amsar da ta fi saurin fitowa daga bakinmu ita ce, "Ai kowa da kwanansa." Gaskiya ne, kuma na yi imani da haka. Babu ran da zai wuce ajalinsa, babu wanda zai riga shi. Sai dai annobar numfashi tana ɗauke da wata tambaya da wannan amsar ba ta taɓa ba: shin ya halatta in ɗauki abin da zai cutar da wani, in kai masa har inda yake zaune, sannan in ce ƙaddara ce?

Sai mun san halin cutar kafin mu san hukuncinta. Idan an ce ƙwayar cuta sabuwa ce, ana nufin garkuwar jikin ɗan Adam ba ta taɓa gamuwa da ita ba, saboda haka kusan kowa yana iya kamuwa. Korona, alal misali, ta bayyana a Wuhan ta ƙasar China a Disambar 2019. Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da ita a Legas, ranar 11 ga Afrilu kuma a Kano. Jirgin sama ya ɗauko ta, numfashi ya rarraba ta. Tana fita cikin ƙananan tsattsafin yawu idan mutum ya yi tari ko atishawa, ko ma ya ɗaga murya, kuma a ɗakin da iska ba ta ratsawa tana iya daɗewa tana yawo. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne mutum yana iya yaɗa ta tun kafin ya ji ko ciwon kai, wani ma har ya rabu da ita bai san ya yi ta ba. Idan kowane mai ita ya shafa wa mutum biyu, a zagaye na goma kaɗai sababbin kamuwa sun haura dubu. Yawancinsu za su warke. Waɗanda suka fi shiga haɗarin mutuwa su ne dattawa, da masu ciwon suga, da masu hawan jini.

Mu mutanen Kano da idonmu muka ga haka. A watan Afrilun 2020, kullum sai sanarwar jana'iza, malamai da farfesoshi da attajirai, har masu haƙar kabari suka fara cewa aikin ya fi ƙarfinsu. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce binciken gwamnati ya ƙirga mutuwa 979, kuma mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari suna da nasaba da korona. A unguwarmu ina jin samari suna cewa, "Cutar masu kuɗi ce," ko "Zafin ranarmu ya fi ƙarfinta." Su ɗin lafiyarsu ƙalau. Amma da magariba sai su shiga ɗakin kakanninsu su durƙusa su gaishe su, su ci tuwo a kwano ɗaya. Baffana yana da ciwon suga, kuma duk wanda ya miƙa masa hannu ba ya iya ƙin karɓa, don kunya. Lafiyarsa a wancan lokacin tana hannun mutanen da ba su ma yarda akwai cutar ba.

Nan ne nake ganin muna cakuɗa abu biyu. Tawakkali yana tsakanin bawa da Ubangijinsa, a kan abin da zai same shi. Abin da bawa zai jawo wa wani kuwa, wannan babin haƙƙi ne, kuma haƙƙin mutane ba ya faɗuwa da cewa Allah ne ya ƙaddara. Direban da ya san birkinsa ya lalace, ya cika mota da fasinja, ba za a karɓi uzurin ƙaddara daga gare shi ba, ko da yake kowa a motar da kwanansa.

Magabata sun riga mu fahimtar wannan. A shekara ta 18 bayan hijira annobar Amwas ta afka wa ƙasar Sham. Sayyidina Umar yana kan hanyar zuwa can, da labari ya iske shi sai ya yi shawara ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya nuna masa kamar gudun ƙaddara ne, Umar ya fahimtar da shi cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Sai Abdurrahman bin Auf ya zo da abin da ya ji daga Manzon Allah (SAW), cewa ba a shiga garin da annoba take, wanda ke ciki kuma ba ya fita don gudunta. Rabin farko na wannan umarni yana kare kai, rabi na biyu yana kare mutanen wasu garuruwa. Abu Ubaida da Mu'azu bin Jabal sun rasu a wannan annoba, kuma babu wanda ya fi su tawakkali. Ruwayoyin tarihi sun ce da Amru bin As ya karɓi jagoranci sai ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu.

Akwai kuma hukuncin da kowane ɗalibin fiƙihu ya sani: wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa an hana shi kusantar masallaci don kada ya cutar da masallata. Wari ne kawai, ba ya kwantar da kowa. To ina ga tarin da zai iya kai dattijon da ke gefenka asibiti? A 2020 hatta Saudiyya ta dakatar da umara, ta taƙaita hajji ga 'yan tsirarun mazauna ƙasar.

Na san dalilin da ya sa mutanenmu ke ɗari-ɗari. Kano ba ta manta da gwajin maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a 1996 ba. Na kuma san cewa kullen da aka saka a ƙarshen Afrilun 2020 ya faɗa ne a kan ɗan garuwa da mai shayi da ɗan dako, waɗanda sai sun fita suke ci. Hukumar da ta ce wa talaka ya zauna a gida ba ta kai masa hatsi ba, ita ma ta ci haƙƙi, kuma za a tambaye ta. Amma laifin hukuma ba ya wanke ni. Ƙwayar cuta ba ta san wanda ya yarda da gwamnati da wanda bai yarda ba.

Wata annobar za ta zo. SARS ta zo a 2002, MERS a 2012, korona a 2019, kuma murar tsuntsaye tana nan ana sa mata ido. Abin da ke wuyan kowannenmu kaɗan ne kuma a bayyane yake. Mai zazzaɓi da tari ya yi sallarsa a gida, ya rufe baki da hanci idan fita ta zama dole, ya faɗa wa iyalinsa gaskiya, ya je a gwada shi. A buɗe tagogin masallatai da azuzuwa. A daina tsangwamar wanda ya kamu, domin tsangwama ce ke sa mutane ɓoye ciwo. Liman kuma ya faɗa a kan mumbari cewa wanda ya zauna a gida don kada ya cutar da 'yan'uwansa ibada yake yi, yana da lada.

Ajalina yana hannun Allah, ba ni da ta cewa a kansa. Abin da na yi da sanin da aka ba ni game da lafiyar maƙwabcina, wannan ni za a tambaya.