Idon Na'ura da Ni'imar Gani

Godiya ta tabbata ga Allah da ya ƙagi ido ya zuba masa haske. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya kai mai karatu, buɗe ido daban, gane abu daban. Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya bayyana a Kitabul Manazir cewa haske ne ke shigowa ido daga abin da ake kallo, amma ganewa aikin hankali ne, mai gwada sabuwar siffa da waɗanda ya riga ya adana. Masana kwamfuta sun ɗanɗana gaskiyar wannan magana. A 1966, a jami'ar MIT ta Amurka, Seymour Papert ya tsara wa ɗalibai aikin hutu: su koya wa na'ura rarrabe abubuwan da ke cikin hoto. Hutu ya ƙare, shekara arba'in ta wuce, na'ura ba ta kai ɗan yaye iya bambance kyanwa da kare ba.

Cikin hikimar Allah, sai wata babbar ƙofa ta buɗe ta wajen wasa. A Nuwamban 2010 kamfanin Microsoft ya fitar da Kinect don na'urar wasanninsa ta Xbox 360. Mai wasa ba ya riƙe komai. Gaban talabijin zai tsaya, ya ɗaga hannu ko ya duƙa, ɗan mutumin da ke cikin allo ya kwaikwaye shi nan take. Na'urar takan fesa wa ɗaki dubban ɗigon haske da idon mutum ba ya gani, kyamara ta duba yadda ɗigon suka gusa a kan jiki da kujera da bango, ta ƙiyasta nisan kowanne. To, ina gwiwar hannu, ina kafaɗa? Nan Jamie Shotton da abokan aikinsa na Microsoft a Kambirij ta Ingila suka kasa jiki kashi 31, suka sa kwamfuta ta ƙirƙiro dubban ɗaruruwan hotunan mutane, dogo da gajere, mai ƙiba da siriri, na'ura ta yi ta bita a kansu. Kowane ɗigo a hoto sai a yi masa ƙananan tambayoyi: na damarka ya fi ka nisa? Na samanka fa? Daga amsoshin a yanke cewa nan wuya ne, can ƙafa. An sayar da Kinect miliyan 8 cikin kwana 60.

An daina ƙera Kinect a 2017, amma dabarar ɗigon hasken ba ta mutu ba. Apple ya sayi PrimeSense, kamfanin da ya ƙago ta, a 2013, ga shi yau dubban ɗigo ke sauka a fuskar mai iPhone kafin wayar ta buɗe.

Gane kaya ma bai tsira daga bashin 'yan wasa ba. A gasar gane hotuna ta ImageNet ta 2012, mai hotuna sama da miliyan ɗaya da nau'in abubuwa 1,000, Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da malaminsu Geoffrey Hinton na jami'ar Toronto suka sauko da kuskure zuwa kusan kashi 15 cikin ɗari, na biyu yana kan 26. Da katin zane guda biyu na Nvidia, waɗanda aka ƙera don masu wasan bidiyo, suka horar da tsarin nasu.

Sai dai mai hankali ya lura da inda sunayen da na'ura ke ba abubuwa suka fito. Suratul Baƙara ta ba mu labarin yadda aka sanar da Annabi Adamu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, sunayen abubuwa, kuma daga zuriyarsa na'ura ta aro nata. Fei-Fei Li, wadda ta jagoranci tara hotunan ImageNet, dubban ma'aikata ta ɗauka ta intanet a ƙasashe da dama. Suna zaune gaban allo, ana biyan su 'yan kuɗi kaɗan, suna duba hoto ɗaya bayan ɗaya suna tabbatarwa: wannan doki ne, wannan kwando, wannan kuwa ba kare ba ne, dila ne.