Taron Ilmi da Ziyarar Abokai: Darasi Daga Muzdalifa

 Ya 'yan'uwana matasa, akwai wata tambaya da ke yawan tasowa a zangunanmu, tun daga Nima har Kumasi da Tamale: idan makaranta ko ƙungiya ta biya wa mutum kuɗin jirgi ya je taron ilmi a ƙasar waje, shin ya halatta ya haɗa da ziyarar abokai da shiga kasuwa da buɗe ido, ko kuwa yin haka ya ɓata niyyarsa?

Irin wannan damuwa ta taɓa kama Sahabbai game da aikin Hajji. Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Ukaza da Majanna da Zul Majaz kasuwanni ne na zamanin Jahiliyya, da Musulunci ya zo sai mutane suka ji tsoron fatauci a lokacin Hajji, kada ya zama zunubi. Sai Allah Ya saukar da aya ta 198 a Suratul Baƙara. Ku lura da kyau: ayar da ta ɗauke laifi daga neman arziki, ita ce kuma ta umarci alhazai da ambaton Allah a Mash'arul Haram, wato Muzdalifa, bayan saukowa daga Arfa. Izini da umarni sun zo tare.

Muzdalifa fili ne tsakanin Arfa da Mina, inda alhazai ke kwana a daren goma ga Zulhajji. Sunan ya fito daga kalmar Larabci mai nufin kusanta, kuma ana kiran wurin Jam'u, wato haɗawa. A nan ake haɗa Magariba da Isha'i, amma ba a yar da ɗaya saboda ɗaya, ba a kuma gabatar da Isha'i a kan Magariba. A mazhabar Malikiyya, sauka a Muzdalifa gwargwadon sauke kaya wajibi ne. Wanda ya zarce Mina ba tare da uzuri ba, hadaya ta hau kansa.

Haɗa taro da wata manufa ba baƙon abu ba ne. A lokacin Hajjin 1962 aka yi taron Makka da ya kafa Rabiɗatul Alamil Islami, wadda Sardauna Ahmadu Bello ya zama mataimakin shugabanta. Imam Ƙarafi, malamin Malikiyya da ya rasu a 1285, ya bambance riya da haɗa niyya a littafinsa Al-Furuƙ: mai yin ibada don mutane su gani ya ɓata ta, amma mai haɗa Hajji da fatauci bai ɓata ba. Imam Gazali kuwa ya ce a auna manufofin biyu a ga wadda ta rinjaya. Ita ma ziyarar abokai ba wasa ba ce, domin Muslim ya ruwaito labarin mutumin da ya tafi wani gari ziyarar ɗan'uwansa don Allah, mala'ika ya tare shi a hanya ya yi masa albishir da soyayyar Ubangiji.

To, ina matsalar take? Tana wajen amana. Alhajin da ke fatauci da guzurinsa yake yi, amma wakilin taro sau da yawa da kuɗin jama'a ya tafi, wataƙila karo-karon da aka tara sidi-sidi a ƙofar masallaci. Wanda ya rubuta sunansa ranar buɗe taro, ya ɗauki hoto, ya ɓace cikin kasuwa har ranar rufewa, kamar wanda ya wuce Muzdalifa ne bai sauka ba, akwai bashi a wuyansa.

Saboda haka a kiyaye abu uku. Na farko, kwanakin taro na taro ne. Ziyara ta biyo baya. Na biyu, kuɗin yawo da tsaraba su fito daga aljihunka, kuma ka sanar da waɗanda suka aike ka kwanakin da za ka ƙara. Na uku, ka mutunta sharaɗin bizarka. Bizar taro ko ta ziyara ba izinin Hajji ba ce. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun bayyana rasuwar mutum 1,301 cikin tsananin zafi, kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji. Ga shi kuma duk wanda ya maƙale, ya rufe ƙofa ga ƙannensa da za su nemi biza gobe.

Ɗan'uwa, ka tambayi zuciyarka kafin ka hau jirgi: da za a hana ni yawo, zan je taron? In amsar i ce, ka tafi, ka karu, ka gai da abokai, ka dawo mana da ilmi. In a'a ce, ka bar kujerar ga wani. Allah Ya tsarkake niyyoyinmu, amin.