Nasiha Ga Jama'a Game Da Tabon Da Ke Hannun 'Yar Riƙo

Malami ko almajiri, maigida ko uwargida, ina roƙonku ku saurari al'amarin da ya hana ni sukuni, domin na lura cewa cutar da muke yi wa yara a cikin ɗaki, ƙofa a rufe, ta ɗara wadda baƙo ke yi musu a kan hanya, kuma mun daɗe da ita har mun raɗa mata suna tarbiyya.

Akwai wata baiwar Allah a unguwarmu wadda na sani tun tana yarinya tana kawo tallan ƙuli-ƙuli zauren mahaifina. Uwarta ta rasu, aka ba goggonta riƙo. A bayan hannunta na dama akwai tabo mai siffar bakin cokali, domin wata rana kuɗin talla sun zube mata, sai aka sa cokali a murhu har ya yi ja, aka ɗora mata. Yanzu ta yi aure, ta haihu, goggon ta tsufa. Kwanan baya, a wurin wani taron suna, tsohuwar ta nemi a ba ta riƙon 'yar wannan mata, yarinya 'yar shekara bakwai. Iyalina tana wurin, ita ta ba ni labari, cewa matar ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Goggo, na yafe miki duniya da lahira, kuma cinki da maganinki suna wuyana muddin ina da rai, amma 'yata ba za ta kwana a ɗakin da na kwana ba." Nan take mata suka yi mata caa, wannan na cewa ba ta da zumunci, waccan na cewa makarantar dare ce ta buɗe mata ido, wata kuma ta ce ba don dukan nan ba da ba ta zama mutum ba.

Subhanallahi! A cikin wannan taro duka, wanda akwai hajiyoyi da matan malamai a cikinsa, ba a sami ko mutum ɗaya da ya dubi hannun nan ya tambayi tsohuwa me ya kai wuta jikin marainiya ba. An bar mai cokali, an kama mai tabo. Haka muke yi kullum, ya ku jama'a, haka muke yi: a zagi yaro da uwarsa, a kira shi tsinanne, a ce masa ba zai yi albarka ba, a hana shi tuwon dare saboda ya fasa tulu, a fifita ɗan ɗaki a kan ɗan kishiya a kan tabarma guda, sa'an nan idan ya girma ya buɗe baki ya ce an cuce shi, sai mu ce masa ya ji tsoron Allah, alhali kuwa waɗanda suka fi cancanta da wannan wa'azi suna zaune muna kwasar gaisuwa a gabansu.

Za ku ce mini icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na yarda, amma tanƙwarawa daban, karyawa daban. Daga wa muka gaji cokali a murhu? Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, hidima shekara goma yana yaro, kuma ya shaida cewa ko tsawa bai taɓa yi masa ba. Da Aƙra'u ɗan Habis ya ga Annabi ya sumbaci jikansa Hasan, har ya yi alfahari da cewa yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ɗaya ba, sai aka gargaɗe shi da cewa rahama ba ta sauka ga wanda ba ya yin ta. A cikin Sahihu Muslim an hana mutum yi wa 'ya'yansa muguwar addu'a, don kada ta dace da sa'ar amsawa, amma mu bakin uwa mun mayar da shi bulala, har muna tsoratar da yara da shi. Ibn Khaldun kuwa, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya keɓe fasali a Muƙaddimarsa yana bayanin cewa tsananta wa yaro yana koya masa ƙarya da yaudara da kasala, saboda tsoron hannun da ke kansa. A watan Satumba na 2019, da 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa, kowa ya yi salati, amma da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu. Wallahi zuciyar da ta kai ɗa wancan gida, ita ce ta sa cokalin nan a wuta.

Ku ji kuma abin da makarantar daren da kuke zargi ta yi wa wannan mata. Ta yi shekara da shekaru ba ta iya duban idon mutum, tana firgita cikin barci, ta kuma gaskata cewa ita la'ananniya ce, tun da abin da ta tashi tana ji ke nan safe da yamma. Sai da ta zauna gaban malama aka fassara mata Suratud Duha, ta ji cewa fiyayyen halitta shi ma maraya ne, kuma Ubangiji da kansa ya hana a wulaƙanta maraya. Ta riƙe zikirin safe da maraice, ta koyi tashi cikin dare ta kai kukanta inda ba a kwaɓar mai kuka. Ta ji labarin Salmanu da Abud Darda'i, inda Annabi ya gaskata cewa ran mutum ma yana da haƙƙi a kansa. Daga nan ta daina zagin kanta, ta fara tausaya wa yarinyar nan mai tallan ƙuli-ƙuli, ta gane cewa ba laifinta ba ne. Da ba ta sami wannan waraka ba, da ba ta iya yafewa ba, kuma da mai yiwuwa 'yarta ce za ta biya bashin, domin wanda aka raina da wuta, in Allah bai kiyaye ba, wutar yake ɗauka. To, wannan ce kuke cewa ta lalace? Ta yafe, ta ɗauki nauyin tsohuwa, abu ɗaya ta hana, shi ne amanar da Allah zai tambaye ta a kanta ranar hisabi. Shari'a ta wajabta sada zumunci, amma ba ta wajabta miƙa yaro ga wanda aka jarraba zaluncinsa ba.

Magani a bayyane yake: limamai su faɗi haƙƙin ɗa a kan iyaye a huɗuba kamar yadda suke faɗin na iyaye a kan ɗa, wanda kuma raunin ya yi masa zurfi ya haɗa addu'a da ganin likitan ƙwaƙwalwa, ba abin kunya ba ne.

Ku kuma iyayenmu da kuka san akwai tabon da hannunku ya bari a jikin wani, ko a zuciyarsa, ina haɗa ku da Allah ku kira shi tun kuna numfashi, ku ce masa ya yafe muku. Girmanku ba zai zube ba, kuma haƙƙin ɗan Adam ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai sai mai shi ya yafe.