Sabo da Kaza Ba Ya Hana Yanka, Amma Wa Ya Ce Ya Hana Jinya?

Babu Bahaushen da ke bukatar a warware masa wannan karin magana. Kaza tana kwana a gida, tana tsince tsaba a gindin turmi, ta san muryar uwargida, ranar da baƙo ya sauka kuma a kamo ta. Magabata sun faɗi maganar ne don jan kunnen wanda ya ɗauka kusancinsa da mai iko zai tsare shi ranar hukunci. Abin da ya dame ni shi ne inda ake kai ta yanzu. A Tsibiri da ƙauyukan da ke tsakanin Maradun da Bakura da Talata Mafara a Jihar Zamfara, da wuya ka shiga gida ka rasa kaji, da wuya kuma a shekara ba a samu wadda ta fara ɗingishi ba. Da zarar yaro ko matar gida ta ɗauke ta tana duba ƙafar, sai wani babba ya kwashe da dariya ya ce sabo da kaza ba ya hana yanka. Nufinsa a daina ɓata lokaci, tunda tukunya za ta. Sai a sake ta tana jan ƙafa, 'yan'uwanta na tsattsagar ta, tana zuwa wurin tsaba bayan an cinye, har ta rame ta mutu a bayan rumbu ko muzuru ya yi gaba da ita. Ba a yi jinyar ba, ba a kuma yi yankan da aka kafa hujja da shi ba.

Ni a ganina wannan zalunci ne ga kazar, kuma ƙarya ce ake yi wa magabata. Wanda ya ƙirƙiro maganar ya san gidan da ake kiwo da kyau, inda ake zuba ruwa a kasko kowace safiya, ana rufe akurki da magariba, har shaƙuwa ta shiga tsakanin dabba da mai ita. Idan babu wannan kulawar, ina sabon zai fito? Abin da kawai ya ce shi ne kulawar ba ta ɗage ranar wuƙa. Bai ce zuwan ranar ya sauke wa mai kaza nauyin kwanakin da ke gabanta ba. Addinin da muke bi ma a nan ya tsaya. Hadisi na 17 cikin Arba'una na Imam Nawawi, wanda yaranmu ke haddacewa a Islamiyya, ya wajabta kyautatawa a cikin komai, har a wurin yanka, da umarnin a wasa wuƙa a hutar da dabba. Idan an hana mu wahalar da ita a ɗan lokacin da ake yanka ta, da wace hujja za mu bar ta cikin ciwo har mako uku? Labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha yana cikin Bukhari da Muslim, kuma kyanwa ko ƙwai ba ta yi.

Abin takaici shi ne yawancin ɗingishin kazar gida ba ya bukatar likita, duba kawai yake so. A kama ta da daddare lokacin da ta natsu, a haska fitila, a bi ƙafar daga yatsu zuwa cinya. Sau da yawa abin da za a tarar zare ne. Zaren buhu, ko gashin kitso da aka share aka zubar a juji, ko zaren ɗinki, yakan naɗe yatsun kaza yayin da take tono. Kullum tana tono yana ƙara matsewa, yana nutsewa cikin fata har ya ɓace wa ido, sai dai a ga yatsa ya kumbura ya yi baƙi, wani lokaci ma yatsu biyu sun haɗe ba ta iya buɗe su. In an bar shi jini zai daina kaiwa, yatsan ya bushe ya guntule. Maganinsa reza ce ko tsinin allura, da haƙuri: mutum ɗaya ya riƙe ta ya rufe mata kai da tsumma don ta daina fizga, ɗayan ya ɗago zaren a hankali ya yanke, ya bi ya tabbatar bai bar ko sili ɗaya a cikin tsagar ba, a wanke da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri. Aikin ba ya kai tsawon dahuwar shayi. Kwatankwacin wannan shi ne ɗaurin da muke yi da hannunmu. Sabuwar kaza in an sayo ta a kasuwar Talata ta Mafara, an haɗe ƙafafunta da igiya, an rataye ta kai ƙasa a kan babur har gida, sannan a ɗaure ta da ƙafa ɗaya a jikin turke kwana da kwanaki wai har ta san gida. Tana fizga igiyar na cin ƙwaurinta. Ranar da aka kwance ta, ta fara ɗingishi, sai a ce mai sayarwa ya cuce mu. Da an kifa mata kwando, ko an yi ɗaurin da faffaɗan tsumma mai laushi, da ba a kai nan ba. Akwai kuma ƙaya ko fasasshiyar kwalba da ke huda tafin ƙafa, wurin ya kumbura da baƙin ɓawo a tsakiya. Ruwan ciwon kaza ba ya tsiyaya irin na mutum, daskarewa yake yi, don haka matsawa da ƙarfi ba ta fitar da shi. Jiƙa ƙafar ake yi a ruwan ɗumi kullum har ɓawon ya yi laushi, a tsabtace, a naɗe, a ajiye ta wuri busasshe. Wadda kuma ɓawon ƙwaurinta ya tattashi ya yi kaushi, wasu ƙananan ƙwari ne suka shige ƙarƙashinsa, kuma shafa man kaɗanya ko basilin a kai a kai yana toshe musu numfashi.

Ko karaya ba ƙarshen zance ba ce. Yaro ya jefe ta, ko jaki ya taka ta, in dai a ƙwauri ne kuma ƙashin bai huda fata ba, ɗori yana kamawa. A miƙe ƙafar, a sa auduga, a jera ɓawon karan dawa gefe da gefe, a naɗe ba da matsi ba, a killace ta da ruwa da abinci kusa da bakinta. Ƙashin tsuntsu yana saurin haɗewa, mako biyu zuwa uku ya isa. Wadda ke cikin yin ƙwai kuma ƙafafunta suka yi sanyi, a tuna ɓawon ƙwai daga jikinta yake fita. Dusar shinkafar da ake samu a yankin noman rani na Bakolori tana cika ciki, amma ita kaɗai ba ta mayar da abin da ƙashi ya rasa. Dakakken ɓawon ƙwai ko ƙonannen ƙashi a cikin abincinta yana taimakawa.

Wani zai ce duk wannan wahala a kan nawa, kaza guda? Mai wannan tambaya yawanci namiji ne, kuma kazar ba tasa ba ce. Kaji dukiyar mata da yara ne. Da su ake sayen sabulu da littafin makaranta da maganin zazzaɓi, da su ake fita kunyar baƙo. Kazar gida mai kwanci tana tara ƙwai goma ko fiye, ta kwanta kwana 21 ta ƙyanƙyashe, ta maimaita haka sau biyu ko uku a shekara. Wanda ya bar sagara ta mutu saboda zare, ya zubar da duk 'yan tsakin da ke bayanta. A Zamfara kuwa lissafin ya fi haka nauyi. Sama da shekara goma ɓarayin daji na kwashe shanu da tumaki, gidaje da yawa abin da ya rage musu na kiwo shi ne abin da ke cikin akurki. A watan Satumba na 2021, da gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako ta kuma hana safarar dabbobi, mai sa ba shi da inda zai kai shi, amma kaza ana iya sayar wa maƙwabci ta kan katanga.

Sai dai dole in yarda cewa akwai ɗingishin da jinya ba ta yi masa komai, kuma a nan masu kafa hujja da karin maganar suna da ɗan abin kamawa. Karayar cinya ko ƙugu da wuya ta ɗoru a gida. Irin wannan kazar, lafiyayya ce ta ji rauni, tausayinta shi ne a yanka ta a ranar, tun tana da nama, kada a ajiye ta tana shan azaba don yaro yana son ta. Shaƙuwar da ke hana a hutar da dabba ita ma son kai ce. Akwai kuma wanda ciwo ne daga ciki. Matashiyar kaza da aka gani zaune, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, ba kumburi ba rauni, alama ce ta cutar Marek, wadda wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Hangari ya fara bayyanawa a 1907, kuma ba ta da magani. Wadda ƙafa da fiffike suka saki, wuya ya murɗe, ga koren zawo, musamman da hunturu, wannan cutar Newcastle ce mai share akurki cikin 'yan kwanaki. Kafso ja da yalo da ake buɗewa a kasko ba ya taɓa ta, haka barkono da ɓawon maɗaci. Rigakafi ne kawai, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin sa, har da irin da ke jure zafi wanda ake ɗigawa a ido. To amma wannan ma hujjata yake ƙarfafawa, domin ba a rarrabe zare da annoba sai an ɗauki kazar an duba. Wanda ya wuce ta da karin magana shi ne zai wayi gari kajinsa goma sun kwanta, sannan ya kwashi sauran ya ruga kasuwa ya raba wa mutane cutar. Najeriya ta ga abin da kai-kawon kaji ke jawowa a 2006, lokacin da murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gona a Jihar Kaduna ta bazu jihohi da yawa.

Tambayar da ta fi yi mini nauyi ita ce wadda mutumin Maradun ko Bakura zai yi da gaskiyarsa: ana kashe mutane, ana sace su, gona ta gagari mai ita, kai kuma kana maganar ƙafar kaza? Ba ni da amsar da za ta rufe masa baki, kuma ba zan ce wa matar da ta kwana a daji da goyo ta tsaya neman kara ta yi ɗori ba. Ran mutum yana gaba. Abin da nake tsoro shi ne darasin da yaro ke ɗauka. Ya zo da tausayi a hannunsa, babba ya yi masa dariya, ya koya masa cewa duk abin da ƙarshensa mutuwa ne ba a damuwa da ciwonsa. Ban ce daga nan ake zama ɗan bindiga ba, wannan zai zama wuce gona da iri. Amma ƙasar da ta ga jini kamar tamu ba ta da rarar tausayin da za ta riƙa kashe shi a zukatan yara, ko da a kan kaza ne, kuma ban tabbata mun san yawan wanda muka riga muka kashe ba.

Don haka roƙona ga iyaye maza ne musamman. In yaro ya kawo muku kaza mai ɗingishi, ku karɓa ku haska ƙafar tare da shi. In zare ne ku yanke, in karaya ce mai ɗoruwa ku nuna masa yadda ake ɗori, in ba mai ɗoruwa ba ce ku wasa wuƙa ku gaya masa dalili. In kuma alamun annoba kuka gani, ku ware ta daga sauran, ku nemi malamin dabbobi, wadda ta mutu ku binne ta da zurfi, kada ko ɗaya ta je kasuwa.