Kada Mu Binne Talantinmu



A cikin Bishara ta hannun Matiyu, sura 25, Ubangijinmu ya ba da misalin wani maigida da zai yi tafiya, ya kira bayinsa uku ya damƙa musu dukiyarsa: ɗaya talanti 5, ɗaya 2, ɗaya kuma 1. Biyun farko suka juya abin da aka ba su har ya riɓanya. Na ukun ya haƙa rami ya binne nasa. Wannan bawa bai yi sata ba, bai kuwa yi almubazzaranci ba, gama ya mayar da talantin yadda aka ba shi. Duk da haka ya sha hukunci, domin ya ƙi yin aiki da abin da aka ba shi amana. Cikin baye-bayen da Allah ya damƙa mana, hankali yana sahun gaba, gama da shi muke sanin Mahaliccinmu, da shi muke rarrabe nagarta da mugunta, da shi kuma muke warware matsalolin gida da gona da kasuwa. Yau muna so mu yi tunani a kan wani sabon rami da mutum zai iya binne wannan talanti a ciki, ramin kuwa yana cikin aljihunmu.

Muna nufin abin nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar kwamfuta wadda mutum yakan yi wa tambaya, ta amsa masa kamar ɗan Adam. A watan Nuwamba na 2022 aka fito da ChatGPT, a watan Afrilu na 2024 kuma irin wannan manhaja ta shiga WhatsApp a Nijeriya da Gana. Tun daga lokacin, ɗalibi yana iya sa waya ta rubuta masa aikin makaranta, mai neman aiki ta shirya masa takarda, ɗan kasuwa ta yi masa lissafi, cikin ƙiftawar ido.

Ikilisiya ba ta la'anci wannan fasaha ba. A watan Yuni na 2024 marigayi Fafaroma Francis ya tsaya gaban shugabannin ƙasashen G7 a Italiya, ya nuna musu cewa kayan aiki ce mai ƙarfi, amma yanke shawara a kan rayuwar mutane dole ya kasance a hannun mutum. Ranar 28 ga Janairu, 2025, Fadar Vatikan ta fitar da wata takarda mai suna Antiqua et Nova, wato tsoho da sabo, inda ta koyar cewa wannan basira aikin hankalin ɗan Adam ce, ba hankali ba ce irin namu, ta kuma yi kashedi cewa dogara gare ta fiye da kima zai raunana ƙwarewar ɗalibai. Fafaroma Leo na 14, wanda aka zaɓa ranar 8 ga Mayu, 2025, ya shaida wa Kadinaloli cewa ya ɗauki sunan nan ne yana tunawa da Leo na 13, wanda ya kāre ma'aikata a 1891 sa'ad da injuna suka sāke fasalin aiki, gama wani juyi irin wannan ya sāke zuwa.

Ya kamata mu san yadda abin yake aiki. An ɗura wa manhajar rubuce-rubucen mutane masu ɗimbin yawa, daga cikinsu ta koyi irin kalmar da takan bi wata. Idan aka tambaye ta, sai ta riƙa jera kalmomin da suka fi dacewa da juna. Sau da yawa amsar takan zo daidai, wani lokaci kuwa takan ƙaga abin da babu shi, ta faɗe shi babu shakka babu kunya. A 2023 wasu lauyoyi biyu a birnin New York na Amurka suka miƙa wa kotu takarda mai ɗauke da tsofaffin shari'o'i 6 da ChatGPT ta ba su. Da aka bincika, ko ɗaya ba a taɓa yi ba. Alƙali ya ci su tarar dala 5,000. Waɗannan masana ne, ba jahilai ba. Abin da ya kā da su shi ne sun karɓa ba su auna ba. An ce matambayi ba ya ɓata, amma fa sai ya san wanda yake tambaya, ya kuma gwada amsar da aka ba shi.

Akwai haɗarin da ya fi kuskuren manhaja, wato abin da yake faruwa da hankalin mai amfani da ita. A 2024 malaman Jami'ar Pennsylvania ta Amurka suka fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi da ɗaliban sakandare kusan 1,000 a ƙasar Turkiyya. Waɗanda aka bar su su tambayi manhaja yadda suka ga dama a lokacin koyon lissafi sun fi sauran samun maki da kashi 48 cikin 100. Amma ranar jarrabawa, da aka ɗauke manhajar, sai makinsu ya gaza na waɗanda ba su taɓa amfani da ita ba da kashi 17 cikin 100. Ashe kayan aro ba ya rufe katara. Akwai kuma rukuni na uku, waɗanda aka shirya musu manhajar domin ta riƙa nuna musu hanya kaɗan-kaɗan ba tare da ta ba su amsa ba; su ba su yi wannan faɗuwa ba. Bambancin ke nan tsakanin malamin da yake bi da yaro har ya gane, da wanda yake yi masa aikin.

Haka Allah ya halicci ƙwaƙwalwa: aiki ne yake gina ta. Direbobin tasi na birnin Landan sukan yi shekaru suna haddace dubban tituna kafin a ba su lasin. A shekara ta 2000 masu bincike suka gano cewa wani sashe na ƙwaƙwalwarsu mai riƙe hanyoyi ya fi na sauran mutane girma. Mu ma shaidu ne a gidajenmu. Dā mukan riƙe lambobin wayar ƴan'uwa da ka. Yau wanda wayarsa ta ɓace a tasha yakan rasa yadda zai kira matarsa. Iyayenmu mata da ba su shiga aji ba sukan yi lissafin kuɗin mudu goma sha biyu da canjinsa kafin mai saye ya buɗe jaka. Idan fartanya ta daɗe a rataye, tsatsa takan ci ta. Asarar lambar waya ƙaramin abu ne. Amma ina za mu sa kanmu idan abin da muka daina yi shi ne tunani kansa?

Mu tuna da Sarki Sulemanu a Littafin Sarakuna na Fari, sura 3. Da Allah ya ba shi zaɓi, bai roƙi dukiya ko tsawon rai ba, sai zuciya mai ganewa. Ba da jimawa ba mata biyu suka zo gabansa suna jayayya a kan jariri guda, babu shaida, babu takarda. Abin da ya warware shari'ar shi ne sanin zuciyar uwa, cewa gara ta rasa ɗanta da a kashe shi a gabanta. Irin wannan hikima daga tsoron Allah take fitowa, da zama da mutane, da shan wuya tare da su. Manhaja ba ta da lamiri, ba ta taɓa yin makoki ba, ba za ta kuwa tsaya gaban kursiyin shari'a ta ba da lissafi ba. Mu ne za mu tsaya. Saboda haka zancen aure, da rikicin gado ko iyakar gona, da gafarta wa wanda ya cuce mu, da binciken zuciya kafin mu furta zunubanmu gaban Fada, ba abubuwan da za a miƙa wa waya ba ne. Wurinsu addu'a ne, da shawarar dattawa, da jagorar Ikilisiya.

Har wa yau, da wannan fasaha ana iya ƙirƙirar hoto ko murya ko bidiyo na abin da bai taɓa faruwa ba. Mu da muka san abin da jita-jita ta jawo wa garuruwanmu, bai kamata mu tura wa wani abin da ba mu tabbatar ba. Ayyukan Manzanni, sura 17, ta yabi mutanen Biriya domin sun riƙa bincika Nassi kowace rana su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. Idan an auna maganar Manzo, balle ta na'ura.

Me za mu yi ke nan? Ku ɗalibai, ku fara kokawa da aikin da kanku, ku rubuta abin da kuka iya, sa'an nan in kun tambayi manhaja, ku ce ta nuna muku inda kuka kuskure. Miƙa wa malami aikin da ba naku ba da sunanku ƙarya ce, ko da ba a kama ku ba. Ku iyaye, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: ku sa yaro ya bayyana muku da bakinsa yadda ya sami amsa, ku aike shi kasuwa ya yi lissafin canji da ka. Ku malamai da katikis, ku riƙa yin tambayoyi baki da baki, ku shirya koyarwarku daga Littafi Mai Tsarki da addu'a, kada ku ciyar da garken Allah da abin da ba ku tauna ba. Zumuntar Mata da ƙungiyoyin matasa su ɗauki wannan zance a taronsu. Mai neman bayani a kan ciwo ko magani ya tabbatar wurin likita. Dukanmu kuwa mu keɓe lokaci kowace rana mu ajiye waya, mu yi shiru gaban Allah.

Ubangiji ya umurce mu mu ƙaunace shi da dukan hankalinmu, hankalin da aka binne kuwa ba shi da abin da zai miƙa. Maigidan zai dawo, zai kuma tambayi kowa abin da ya yi da talantinsa. Bari Ruhu Mai Tsarki ya ba mu baiwar hikima da ganewa, Uwarmu Maryamu kuma, wadda ta riƙa bimbini a kan al'amuran Allah cikin zuciyarta, ta yi addu'a dominmu. Amin.