Gani Ya Kori Ji? Haƙuri da Ciwon da Ba Ya Ganuwa

Hausawa kan ce gani ya kori ji. Magana ce mai ƙarfi, domin da ita alƙali ke aiki, mahauci ma ba ya biyan kuɗin sa sai ya gan shi a tsaye. To, amma akwai abu guda wanda ba a taɓa ganinsa ba, sai dai a ji shi, watau ciwo. Ana ganin rauni, ana ganin kumburi, ana ganin jini, amma shi zogin kansa babu wanda ya taɓa ɗora ido a kansa. Abin mamaki kuma, kalma ɗaya harshenmu ya tanadar wa ɓangarorin biyu: majiyyaci yana jin ciwo, mu kuma muna jin labarinsa. Nasa jin yaƙini ne. Namu jin kuwa, in mun ga dama mu gaskata, in mun ga dama mu ƙaryata. Tambayar da nake so mu duba, ya ku 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu, ita ce: me ya wajaba a kan mai ciwon da ba ya ganuwa, me kuma ya wajaba a kan waɗanda ke zaune tare da shi?

Bari in ɗauki cututtuka biyu su zama mana misali, don kada magana ta tsaya a sama. Mutum yana da haƙarƙari 12 a kowane gefe, guda 7 na sama kuma guringuntsi ne ya haɗa su da ƙashin ƙirji, shi ne ke ba ƙirji damar buɗewa da rufewa in ana numfashi. Wani lokaci wannan mahaɗa takan yi tsami, ko saboda ɗaukar kaya mai nauyi, ko tari mai tsanani, ko kuma haka kawai ba tare da an gano dalili ba. Likitoci na kiran wannan kostokondiraitis. Mai shi yakan ji suka a gaban ƙirji, galibi wajen hagu, ta zagaya kwiɓi har zuwa gadon baya, ta ƙaru in ya ja dogon numfashi ko ya yi atishawa ko ya juya a kan shimfiɗa. Hoton ƙirji ba ya nuna kome. Ga mafi yawan mutane yakan wuce cikin makonni ko watanni, ga wasu kuwa ya daɗe, ko ya riƙa tafiya yana dawowa.

Ta biyun ta fi wuyar sha'ani, ita ce faibromayaljiya. A nan ciwon bai tsaya wuri guda ba, ya game jiki: baya, wuya, kafaɗu, haƙarƙari, cinyoyi, har fiye da wata uku, ga gajiya, ga barcin da ba ya wartsakar da mutum, ga mantuwa. An fi samunta ga mata. A auna jini a ga lafiya lau, a ɗauki hoto a ga lafiya lau. Abin da masana suka fi karkata gare shi yanzu shi ne, jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo zuwa ƙwaƙwalwa ne ke zuzuta saƙon, kamar lasifikar da aka ƙure wa murya, har ɗan taɓi ya zama duka. Su kansu likitocin Turai da Amurka sun daɗe suna gardama a kanta. Sai a 1990 ƙungiyar likitocin amosanin gaɓɓai ta Amurka ta tsara yadda za a gane ta, ta hanyar danna wurare 18 a jiki a ga ko 11 sun yi zafi, a 2010 kuma aka bar wannan lissafi aka fi dogara ga bayanin da majiyyaci ya yi da bakinsa. Ku lura da wannan. Ilimin da ya fi kowane taƙama da gani, a nan dole ta sa ya koma ga ji.

Yanzu mu kawo maganar gida. A ƙasar Maradun da Talata Mafara da Bakura, tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Kogin Sakkwato a 1978, manomin da ke da fili a bakin kwata ba ya da rani irin na kakanninsa. In an gama na damina sai a shiga na rani, dashen shinkafa kuwa a duƙe ake yinsa tun safe, buhu kuma a ka ko a kafaɗa yake fita daga fadama. Mace tana da nata rabon: daka, surfe, jan guga, goyo. A irin wannan wuri jiki shi ne jari, shi ne kuma shaidar mutunci. Wanda ya karye a ƙafa kowa ya ga ɗauri, an ɗauke masa aiki ba gardama. Amma magidancin da ya ce ba ya iya ɗaga buhu saboda sukar haƙarƙari, alhali ga shi da ƙibarsa yana cin tuwo, ko matar da ta ce taɓarya ta gagare ta alhali jiya an gan ta tana dariya a gidan suna, waɗannan sai Allah ya cece su daga bakin mutane.

Ba wai mutanenmu ba su da tausayi ba ne. Kai, da wuya a sami al'ummar da ta kai mu riƙon dubiya. Sai dai ita dubiyar tamu an gina ta ne a kan cutar da ke da ƙarshe: ko dai a warke a yi barka, ko a cika a yi ta'aziyya. Makon farko gida cike, ana kawo kunu da lemo. Wata na biyu sai 'yan'uwa na jiki. In aka shekara mutum bai warke ba bai kuma mutu ba, sai tausayi ya gaji, zato ya maye gurbinsa. Daga nan za a fara jin raki, son jiki, lalaci, langaɓewa. Uwar miji ta ce gudun girki ne. Masu sauƙin hali su ce iska ce ko sammu, wanda shi ma wata hanya ce ta cewa ba mu yarda ciwon jiki ba ne.

Shi kuma majiyyaci al'ada ta riga ta sa masa amsa a baki. "Yaya jiki?" "Da sauƙi." Ko yana gargarar mutuwa haka zai ce. Ina ganin kyan wannan amsa, domin addu'a ce da kyautata zato ga Ubangiji. Amma ga mai ciwon shekara da shekaru takan zama tarko. In ya ce da sauƙi, gobe a ce to tashi ka ɗauki fartanya. In ya ce babu sauƙi, a ce ba shi da haƙuri.

A nan ne nake da ja da yadda muke fassara haƙuri. Kirk-Greene, a ɗan littafinsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, ya sa haƙuri da kunya cikin halaye goma da Bahaushe ke auna mutum da su, kuma bai yi kuskure ba. Sai dai mun gwama su biyun har sun zama abu guda, muka ɗauka mai haƙuri shi ne wanda ba a jin bakinsa. Addinin da muka samo darajar haƙuri daga gare shi bai ce haka ba. Annabi Ayuba, wanda ake buga misali da shi, ya faɗa wa Ubangijinsa cewa cuta ta shafe shi, kuma duk da haka Alƙur'ani ya shaide shi da haƙuri. Malamai irin su Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, sun bambanta kai kuka ga Allah da yin ƙorafi a kan hukuncinSa, sun kuma bayyana cewa gaya wa mai magani abin da ke damunka bai rushe haƙuri ba. A nan ƙasarmu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce kan magunguna, har da guda a kan basir. In da ambaton ciwo abin kunya ne, ai da basir ne na farkon abin da za a rufe. Ashe haƙuri shi ne mutum ya riƙe zuciyarsa daga fushi da ƙaddara, ya riƙe harshensa daga saɓo, ya ci gaba da neman mafita. Shirun da muke yabo kuwa, sau da yawa sauƙin kanmu muke nema da shi, don kada a dame mu.

Shirun nan kuma yana da farashi. Wanda aka hana shi faɗa a gida, kemis zai faɗa wa, ko mai tallar magani a kasuwa. Zai yi ta haɗiyar ibuprofen da diclofenac ba ƙa'ida har su ƙwaƙule masa ciki ko su taɓa ƙoda, in sun daina yi masa aiki ya haura zuwa tiramol. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.6 a Nijeriya sun sha irin su tiramol da kodin ba bisa umarnin likita ba. Ba na cewa duk ciwo ne ya kai su, amma wanda ya san 'yan ga-ruwa da masu dako da leburorin fadama ya san yadda ƙwayar ke fara shiga aljihu: don a iya fita aiki gobe. Haɗari na biyu ya fi wannan. Ba kowace sukar ƙirji ce ta guringuntsi ba. Wadda ta zo da tari fiye da mako biyu da rama da gumin dare tana iya zama tarin fuka, wadda ta zo da ɗaukewar numfashi da nauyi a ƙirji tana iya zama ta zuciya, ga mai sikila kuma ciwon ƙirji abin gaggawa ne. Mai dauriyar da ya saba cewa da sauƙi shi ne wanda ake kaiwa asibitin Gusau ko na koyarwa a Sakkwato bayan lokaci ya ƙure.

Na san abin da wani zai ce: ai akwai masu ƙarya. Gaskiya ne, akwai. Kowane gandu yana da wanda cikinsa ke murɗawa ranar noma ya warke ranar kasuwa, mu ɗalibai ma mun san zazzaɓin da ke sauka daren jarrabawa. To, amma tun da ba mu da ma'aunin da zai raba mana su, dole mu zaɓi kuskuren da za mu iya ɗauka. In muka gaskata maƙaryaci, mun yi hasarar aikin yini ko na mako, kuma ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, zama tare zai tona shi. In muka ƙaryata mai gaskiya, mun ɗora masa ciwo na biyu a kan na farko, mun raba shi da mutuncinsa a gidansa, wataƙila ma mun kashe aure. Waɗannan hasarori biyu ba nauyinsu ɗaya ba. Ko Ƙungiyar Nazarin Ciwo ta Duniya, da ta sabunta ma'anar ciwo a 2020, sai da ta ƙara bayanin cewa abin da mutum ya faɗa game da ciwonsa a girmama shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wannan bai sauke wa majiyyaci nasa nauyin ba. In an gaskata shi, amana aka ba shi. Bai kamata ya mai da ciwo sandar dukan iyali ba, ko ya kwanta ya ce shi da motsi har abada. Hasali ma binciken likitoci ya nuna doguwar kwanciya ƙara dagula faibromayaljiya take yi, abin da ya fi taimako shi ne motsa jiki a hankali kullum, kamar tafiya da miƙe gaɓɓai, da gyara lokacin barci, sai wasu magunguna irin su amitriptyline in likita ya ga dacewarsu. Mai ciwon guringuntsi kuma ya rage ɗaukar nauyi na ɗan lokaci, ya riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi. Babban abin da ke kayar da masu irin wannan ciwo shi ne ranar da suka tashi da dama-dama: sai su ce bari su rama bashin aikin mako guda, su wuni a duƙe, su kwana uku ba su tashi ba, masu zato kuma su ce ai ga shi, jiya ya iya. Raba aiki gutsure-gutsure, da ajiye fartanya tun kafin jiki ya ce a ajiye, yana bukatar haƙurin da ya fi na cije baki wuya, domin a gaban mutane ake yinsa, suna kallo suna magana.

Mu kuma da ke gefe, rabonmu na haƙurin ba ya wuce abubuwan yau da kullum. A gandu a ba shi ban ruwa da tsaron tsuntsaye maimakon dakon buhu. A cikin gida a kai hatsi inji, ko wata ta karɓi taɓarya ita ta ɗauki tankaɗe, ba tare da an bi ta da habaici ba. Gaisuwa kuwa ba na neman a sauya ta. A tambayi jiki, ya ce da sauƙi, a ce Allah ya ƙara sauƙi. Sai dai in an zauna, an sha ruwa, mutane sun ragu, a sake tambayarsa a hankali ko ya sami barci daren jiya, da kuma wane aiki ne ya fi tayar masa da sukar.